Jan Farce a Kan Noti Huɗu

Curin sukarin da dangin Radwan suka kawo na neman aure yana nan a kan kabad, a naɗe cikin shuɗiyar takardarsa, sa'ad da Alhaji Bushaib ya banko ƙofa ya shigo ko sallama babu. Bai kalli kaskon tajin, dahuwar nama da romo, da ke tururi a tsakiyar falo ba. Kai tsaye ya nufi kabad ɗin, ya ɗauko sukarin ya dire a cinyar ƙanwarsa.

"Zuhur, tashi ki mayar musu da kayansu. Yanzun nan."

Burodin da ke hannun 'yarsa Nuhaila ya faɗi cikin romo. Mayar da sukari ai an gama magana ke nan, ko yaron goye a Kasablanka ya san wannan.

"Baba, me Radwan ya yi? Kai da bakinka ka ce wa mahaifiyarsa sai ka dawo daga ƙauye za ka ba su rana!"

"Me ya yi? Ni kike tambaya me ya yi? Wa kika ba makullin shagona da ba na nan?"

"Shi na ba. Wayar wutar shagon ce take tartsatsi, na ce ya duba."

"To ya duba! Ya duba har cikin hanjin Dattijo!"

Innalillahi.

Dattijo wata tsohuwar amfilifaya ce, na'urar ƙara sauti, ƙirar Ingila, mai ƙwayayen gilashi, wadda Alhaji ya saya a wani gidan Turawa da ke unguwar Anfa tun Nuhaila tana rarrafe. Ita ce duk wani abin tinƙahonsa a kasuwar Darb Gallaf. Tun daga ranar da ta baro masana'anta ba a taɓa buɗe ta ba, kuma shaidar tana nan a bayanta: noti huɗu, kowanne da ɗigon jan fenti a kansa, ba tsaga ba ƙwarzane. Masu tara irin waɗannan kaya wannan ɗigon suke saye da tsada. Ana kwance noti ɗaya, ko zinariya aka zuba a ciki, rabin kuɗin ya tafi. Alhaji kuwa a kanta ya ɗora burinsa na barin rumfar kwano ya kama shago na gini kafin ƙarfinsa ya ƙare.

"Ya ciccire tsoffin kayan ciki ya liƙa sababbi," in ji Alhaji. "Wai don ya faranta mini! Ya ji ina cewa tana ɗan gurnani in an kunna. Gurnanin ubansa ne? Ban ma lura ba, sai da dillalin nan Si Jawad ya zo ɗaukar hotonta zai tura wa mai saye, ya juya bayanta ya ce, Alhaji, zo ka gani. A gaban bare! Da ƙasa ta tsage da na shige."

Gwaggo Zuhur ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ni dama na faɗa, aka ce na cika surutu. Me za a yi da mai liƙin dalma, wanda duk rigunansa ƙuna ce? Ga Si Jawad, mutum da motarsa da shagonsa a unguwar Ma'arif, yana ta bin ki kamar ya yi miki sujada, ke kuwa kina ta wani yauƙi."

"Gwaggo, don Allah ki bar maganar mutumin nan."

"Ba zan bari ba! Shekarunki nawa? Sa'anninki suna kai 'ya'ya makaranta, ke kina cikin ƙurar lasifika kina jiran wanda ko hayar ɗaki biyu sai an yi masa karo-karo."

Nuhaila ta zube a gaban mahaifinta ta kama gefen jallabiyarsa. Hawaye take yi, amma na takaici ne, don a ranta ji take da Radwan yana kusa da sai ta shaƙe shi.

"Baba, kuskure ne. Wallahi kuskure ne. Shi gyara ya sani, bai san ciniki ba. Kada ka raba mu saboda ƙarfe."

"Ƙarfe? Ƙarfen nan shi ya riƙe mini zuciya har na kai ki makaranta, don duk ranar da na rasa sai in kalle shi in ce akwai sauran gata." Ya fizge rigarsa, ya yi safa da marwa a falon, sannan ya tsaya. "Amma Si Jawad ɗan halak ne. Ya ce shi bai ga komai ba. Gobe da hantsi zai kawo wani likita daga Rabat, kuma dirhami dubu ɗari uku da aka yi magana tana nan. Ki je ki gaya wa wancan shashashan ya mayar da tsoffin kayan inda ya cire su, ya ɗaure noti, ya ɗiga jan fenti yadda ya same shi, kamar yadda Si Jawad ya ba da shawara. Ke kuma in likita ya tambaya, ke za ki amsa, don ke ake yarda da maganarki a kasuwar nan. In aka sayar, sukari ya zauna. In ba haka ba, wallahi tallahi ko gawata kada ya zo wa."

Gwaggo Zuhur ta taɓe baki ta ajiye sukarin a gefe, kamar wadda aka hana ta zuwa biki.

* * *

Rumfar Radwan tana can ƙarshen layin masu gyara, inda hayaƙin kifin sardin da ake gasawa yake gauraya da warin dalma. Yana sunkuye a kan wata lasifikar masu kiɗan biki ta iso. Yana ganinta ya washe baki.

"Lalla Nuhaila! Alhaji ya ji ta? Ya ji yadda take fitar da sauti yanzu? Na rantse miki, in aka sa faifan goge sai ki ji kamar mai gogen yana zaune a..."

"Rufe mini baki!"

Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Wa ya aike ka? Wa ya sa ka? Waya na ce ka duba, waya! Uban karambani, shugaban masu shiga sharo ba shanu! Ka san abin da ka yi kuwa?"

"Nuhaila, kayan cikinta sun fara yoyo. Da an ƙara kunna ta sau biyu da ta ƙone ƙurmus. Ceton ta na yi."

"Da ta ƙone da fentinta a kai, da ta fi yadda ka mayar da ita kuɗi!"

Ya tsaya yana kallonta kamar ta yi masa wani yare.

"Matacciya ta fi mai rai tsada? Wannan wane irin hauka ne?"

"Shi ne haukan da muke ci da shi! Shi ne haukan da ya gina gidan da ka je neman aure!"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Ta ja labulen rumfar da ƙarfi har ƙarfensa ya yi ƙara, ta zauna a kan wani akwatin lasifika, ta fashe da kuka. Cikin kukan ta zayyana masa komai, har da sharaɗin Alhaji.

Radwan ya jawo wani gwangwanin shayi daga ƙarƙashin teburinsa, ya buɗe mata. Tsoffin kayan suna ciki, kowanne a naɗe da auduga.

"Ban zubar ba. Yau ɗin nan zan mayar da su, ko da yake raina ba ya so. Zan je in durƙusa wa Alhaji. Asarar da na jawo masa, in ya yarda in yi masa aiki kyauta har ƙarshen raina, zan yi."

"Fentin fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Radwan, da kai nake. Fentin fa?"

"Ba zan ɗiga ba."

"Ɗigo huɗu ne fa! Ɗigo huɗu tsakanina da kai!"

"Ɗigon nan magana yake yi, Nuhaila. Cewa yake ba a taɓa buɗewa ba, ni kuwa da hannun nan na buɗe. Mutumin zai biya kuɗin abin da babu shi. Da wannan kuɗin za a yi mana walima? A kansa za mu haifi 'ya'ya?"

"A'a, sannu limamin Darb Gallaf! Lokacin da kake kwance kayan mutane ba izini ina tsoron Allahn yake? Yanzu da wuta ta kama ni ne ka tuna da halal da haram?"

"Na yi laifi ɗaya. Kada ki sa ni in rufe shi da wanda ya fi shi."

"Likitan nan ba sauraron ta zai yi ba! Cikin gilashi zai saka ta yana nuna wa abokansa. Wa aka cuta?"

"Ke ce fa kike gaya wa mai saye aibin kaya tun bai tambaya ba. Ranar da na fara ganin ki, wani kike hana sayen garmahon shagonku, kina ce masa allurarsa ta cinye. A ranar na ce wa Innata na ga matar aure."

Maganar ta soke ta, shi ya sa ta ƙara harzuƙa. Ta miƙe tana goge ido da gefen gyalenta.

"To bari ka ji. Si Jawad yana bakin ƙofa yana jira, Gwaggo tana masa fifita. Ni na ƙi mota, na ƙi gida a Ma'arif, na sha gorin dangi saboda kai. Kai kuma ba za ka iya ɓata yatsa ɗaya saboda ni ba. Kana so na kuwa?"

"Allah ya sani ina son ki fiye da raina." Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir. "Ki ce in bar garin nan in je birnin Tanja in yi dako in kawo kuɗin, zan tafi. Wannan ne kawai ba zan iya ba."

"Ka riƙe son naka, ka jiƙa ka sha."

Ta fice, labulen ya bi ta da kaɗawa.

* * *

Radwan ya cika alkawarinsa. Kafin magariba ya mayar da tsoffin kayan, ya ɗaure noti, ya miƙa wa Alhaji makulli. Alhaji bai amsa gaisuwarsa ba, ya dai juya bayan Dattijo, ya ga kawunan notin fes babu ja, ya yi tsaki mai ƙarfi.

Washegari Nuhaila ta ɗauki makulli ta riga kowa zuwa shago. Layin shiru, sai mai sayar da wainar msamman yana hura gawayi. Ta ja ƙofar kwanon ta rufe kanta a ciki, ta buɗe jakarta ta fito da 'yar kwalbar jan farce. Na bikin wata ƙawarta ne, ja mai duhu, ya fara kauri don daɗewa.

Ta tsoma tsinken ashana, ta ɗiga a kan notin farko. Ta yi na biyu tana zagin Radwan, ta yi na uku tana zagin kanta. Da suka bushe ta lakato ƙurar saman kanta da yatsa ta shafa musu, sai ga su kamar sun shekara sittin a wurin. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda aikin ya yi kyau.

Da Alhaji ya zo ya gani, bai tambayi wanda ya yi ba. Ya dai ce a kawo shayi.

Da hantsi Si Jawad ya iso, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Dogo ne mai sanƙo, mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Bayansa wani farin tsoho ne mai tabarau da sandar hannu.

"Alhaji, ga Dakta Sikalli da na gaya maka. Dakta, wannan kuma ita ce Lalla Nuhaila, hasken Darb Gallaf. Duk kasuwar nan in ta ce maka kaya kaza ne, to ka rufe ido ka biya."

"Labarinki ya iso Rabat, 'yata," in ji likitan. "Saboda ke na yarda na taso."

Aka zuba shayi mai na'ana'a. Likitan ya zagaya Dattijo yana shafa ta kamar mai duba doki. Ya fito da gilashin ƙara gani ya duƙa a kan notin, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗago yana murmushi.

"Masha Allah. Ni ba na son dogon ciniki, tambaya ɗaya gare ni. 'Yata, an taɓa buɗe ta?"

Alhaji ya kafe ta da ido.

"Ba a taɓa ba, Dakta."

Shi ke nan, ta faɗa. Duniya ba ta tashi ba. Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, likitan ya sa hannu a aljihu, ita kuwa a ranta cewa take: na saye ka, Radwan, na saye ka da abin da ya fi komai tsada a wurina, kuma sai ka biya ni har tsufa.

Sai Si Jawad ya yi gyaran murya.

"Dakta, ka san al'adata, ba na sayar da irin wannan sai da shaidar mai gyara, don gobe kada a ce Jawad ya yi rufa-rufa. Na aika a kira wanda ya fi kowa hannu a layin nan. Yawwa, ga shi ma ya iso."

Nuhaila ta waiwaya. Radwan ne a bakin ƙofa, da rigarsa mai ƙunar dalma, yana raba ido bai san dalilin kiran ba.

A nan ta gane. Wayyo, a nan ta gane komai! Mutumin da ya ce bai ga komai ba, shi ya ba Baba shawarar fenti, shi ya kawo mai saye, kuma ya san sarai duk Darb Gallaf akwai mutum ɗaya da ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Macijin ya haƙa ramin, ita kuma da ƙafarta ta shiga.

"Si Jawad, babu buƙata..." Alhaji ya fara.

"Haba Alhaji, ai gaskiya ba ta tsoron shaida. Radwan, ɗan'uwa, matso ka duba bayan nan. Lalla Nuhaila ta shaida wa Dakta ba a taɓa buɗe ta ba. Kai ma ka faɗa, tsakaninka da Allah."

Radwan ya matso. Ya ga jan ɗigon nan huɗu. Ya ɗago ya dubi Nuhaila, ya dubi gefen yatsanta inda ja ya ɗan taɓa, fuskarsa ta yi fari fat.

Idanunta roƙonsa suke yi. Ka yi shiru kawai. Ka ce ba ka sani ba. Ka yi tari, ka faɗi sumamme, ka yi komai. Sau ɗaya tak a rayuwarka, ka zaɓe ni.

Hawaye ya gangaro masa.

"Dakta, ka yi haƙuri. Ni na buɗe ta."

Kofin shayin Alhaji ya faɗi ya tarwatse.

"Laifina ne ni kaɗai," Radwan ya ci gaba da sauri. "Ita ba ta..."

"Ba ta sani ba?" Likitan ya zare hannunsa daga aljihu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya dubi Nuhaila ta saman tabarau. "Ashe haka ne, 'yata. Allah ya kyauta."

Ya dogara sandarsa ya fita. Bakin shagon kuwa ya riga ya cika da maƙwabta, kowa ya ji da kunnensa, kuma kafin azahar duk kasuwa za ta ji.

"Fita!" Alhaji ya daka tsawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. "Fita daga shagona, tsinanne! Ka kashe mini kaya, yau kuma ka kashe mini suna! In na sake ganin ƙafarka ko ta uwarka a ƙofar gidana, sai na karya ta!"

Si Jawad ya dafa kafaɗarsa yana girgiza kai, sai ka rantse shi aka yi wa mutuwa.

"A yi haƙuri, Alhaji. Ni zan ɗauke ta a kan kuɗin da aka yi magana tun farko, ba sai wani ya sake jin labarin nan ba. Ai abin da ya shafe ka ya shafe ni, tunda mun kusa zama gida ɗaya."

Nuhaila ta juyo kansa kamar za ta cinye shi ɗanye.

"Gida ɗaya da wa? Wallahi ko maza sun ƙare a Maroko, gara in tsufa a ɗakin ubana! Munafuki, mai baƙar aniya!"

"Ke! Rufe mana baki!" in ji Alhaji. "Har kina da sauran bakin magana a kasuwar nan?"

Wannan ita ce ta karya ta, don gaskiya ce. Ta ratsa mutane ta fito, suna darewa suna bin ta da kallo. Radwan ya biyo ta har bakin layi, yana kiran sunanta.

"Nuhaila! Ki tsaya don Allah! Ya ce tsakanina da Allah, me kike so in ce? Ki saurare ni!"

Ta tsaya. Ta juyo a hankali, fuskarta sharkaf da hawaye, amma muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Ban taɓa yi wa mai saye ƙarya ba sai yau, kuma don kai na yi. Na zubar da sunana a ƙasa don in same ka, kai kuma ka taka shi ka wuce don ka tsira da naka."

"Ina son ki, Nuhaila."

"Na sani. Amma akwai wadda ka fi so, yau na gan ta da idona." Ta gyara gyalenta. "Ka zaɓi gaskiyarka, Radwan. Sai ka je ka aure ta."